MOTA TA YI ƘAS, TA ƘI TASHI

Wata rana da hunturu muna rangadi, dare ya yi mana a wani ƙauye, muka kwana a zauren mai gari. Da asuba muka ji hayaniya a bakin kasuwa. Muka fita, muka tarar da wata akori-kura an cika ta da kwandunan tumatir tun da dare. Tumatirin na mutum bakwai ne, duk masu lambu a fadama. Wata uku suna ban ruwa. Ran nan kuwa kasuwar birni ke ci. In ba su isa da hantsi ba, masu saye sun watse, rana kuma ta dafa kayan.

Direban motar saurayi ne. Ya murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas-ƙas, ta yi shiru. Ya sake, haka. Mai motar ya ce kik ya mutu, a kwance shi, yaro ya hau babur ya kai birni a sayo wani. Masu tumatir suka yi tsuru-tsuru, don sun san kafin yaro ya je ya komo azahar ta yi.

Direbanmu dattijo ne, ya daɗe bisa hanya. Ya matso ya ce, “Alhaji, a dakata tukuna. Samari, kunna mini fitilun gaba.”

Saurayin ya ce, “Baba, ai gari ya waye, me za a yi da fitila?”

Ya ce, “Kai dai kunna. To, yanzu murɗa makulli.”

Da ya murɗa, sai fitilun suka mutu ɗif. Dattijo ya buɗe gaban motar, ya nuna mana kan batir. Wani gari fari mai shuɗi-shuɗi ya lulluɓe shi, wayar kuwa in an taɓa ta sai ta juya. Ya sa aka kawo ruwan zafi da 'yar kanwa daga gidan mai gari. Ya kwance wayoyin, ya wanke, ya kankare, ya mayar ya ɗaure tam. Saurayin ya murɗa makulli sau ɗaya, mota ta tashi. Ba a kai rabin sa'a ba, ba a kuwa kashe ko kwabo ba.

Abin da dattijon nan ya sani ba asiri ba ne. Ga shi za mu karanta. In mota ta yi ƙas ta ƙi tashi, galibi kik lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isa gare shi ba. Saboda haka a fara duba abu mai sauƙi, wanda ba ya cin kuɗi, kafin a kai ga mai wuya.

YADDA MOTA TA KE TASHI

Inji ba ya iya ta da kansa. Tilas wani abu ya juya shi tukuna, sa'an nan mai ya kama, ya ci gaba shi kaɗai. A zamanin da, da hannu a ke juya shi. A kan soka wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaban mota, ƙato ya yi ta wani har ta tashi. Aikin nan da wuya, da kuma hatsari, don wani lokaci ƙarfen ya kan komo baya ya karya hannun mutum. A shekarar 1912 aka fara sayar da motocin Cadillac a Amurka da abin da ke ta da inji da wutar lantarki. Wani mutum mai suna Charles Kettering ne ya shirya shi. Abin nan shi ne direbobi da makanikai su ke kira kik.

Abubuwa huɗu ke haɗuwa kafin mota ta tashi.

Na fari batir. Shi ne rumbun wuta. Batirin ƙaramar mota yana da ɗaki 6 a cikinsa, ƙarfinsa bolt 12. Manyan motoci da yawa su kan haɗa batir biyu, su sami bolt 24. Bisa batir akwai kai biyu na dalma. Ɗaya yana da alamar tarawa, watau +, galibi da jar waya ko jan murfi. Ɗayan yana da alamar ɗebewa, watau −, galibi da baƙar waya. Alamomin nan su ne dai waɗanda mu ke rubutawa a darasin lissafi.

Na biyu wayoyi masu kauri. Wayar + ta tafi wurin kik. Wayar − an ɗaure ta a jikin mota da jikin inji, mu kira ta wayar jiki. Wuta ba ta aiki sai ta fita ta wannan hanya ta komo ta waccan. Kowace waya tana da ƙawanyar ƙarfe mai noti a bakinta, wadda ke rungume da kan batir.

Na uku kik kansa. Yana ɗaure a gindin inji, wajen da inji ya haɗu da akwatin giya. Yana da ɗan ƙarfe mai haƙora a bakinsa. A bayan inji kuma akwai babban faifan ƙarfe mai haƙora, sunansa filawil. In haƙoran kik sun shiga na filawil, kik ya juya, sai inji ya juya.

Na huɗu wani ɗan abu kamar gwangwanin madara, yana goye a bayan kik. Sunansa solinoyid. Aikinsa biyu ne. In ka murɗa makulli, sai ya tura haƙoran kik cikin filawil, ya kuma haɗa waɗansu tagulla biyu a cikinsa don babbar wuta ta wuce. Ƙas ɗin da ka ke ji, motsin solinoyid ne.

DON ME TA KE YIN ƘAS?

Yawan wutar da ke gudu cikin waya ana auna shi da amfa. Ƙwan fitilar gaba guda yana shan wajen amfa 5. Kik na ƙaramar mota kuwa yana shan amfa 100 zuwa 200, wani ma fiye. Dubi bambancin. Solinoyid kaɗan ya ke sha in an gwada shi da kik. Don haka wuta kaɗan ta isa ta motsa solinoyid ya yi ƙas, ta isa ta kunna rediyo, amma ba ta isa ta juya inji ba.

Mai lambu ya san wannan. In hanyar ruwa ta toshe da ciyawa, ɗan abin da ke tsiyayowa ya isa kaza ta sha, amma ba ya cika fangali. Ko dai ruwa ya yi ƙasa a rijiya, ko hanya ta toshe. Haka wuta ta ke. Ko batir ya yi sanyi, ko hanyar wuta ta toshe da tsatsa da datti.

Ka kasa kunne, don ƙarar iri biyu ce.

In ta yi ƙas-ƙas-ƙas da sauri a jere, wuta ce ta gaza. Solinoyid ya kama, kik ya zuƙe 'yar wutar da ke nan, solinoyid ya rasa ƙarfi ya saki, wuta ta ɗan komo, ya sake kamawa. Haka ya ke ta yi. Laifin yana wajen batir ko wayoyinsa.

In ta yi ƙas sau ɗaya da ƙarfi ta yi shiru, solinoyid ya kama bai saki ba, amma kik bai juya ba. Wannan ma yana iya zama daga batir ko waya, amma yana iya zama daga cikin kik, ko inji ne ya cije.

KAFIN KA TAƁA KOME

Batir abu ne mai hatsari ga wanda ya yi sakaci. Ka kiyaye waɗannan.

1. Ka fid da mota daga giya. Ka ja birkin hannu. Ka sa dutse gaba da bayan taya.
2. Ka kashe taba. Kada a kawo ashana ko fitilar kwano kusa. Batir yana fid da wata iska mai kama wuta, yana iya fashewa a fuskar mutum. In dare ne, a haska da tocila.
3. Ka cire zobe da agogon ƙarfe. In suka haɗa wuta, za su yi ja su ƙone ka har ƙashi.
4. Kada ka ɗora sufana bisa batir. In ta taɓa kai biyu lokaci guda, sai tartsatsi.
5. Ka naɗe hannun riga. In babbar riga ce, ka tuɓe ta, kada fanka ta kama ta.
6. Ruwan da ke cikin batir asid ne, yana cin tufa da fata. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, minti 15 ko fiye, sa'an nan a tafi asibiti.
7. Kada ka riƙe makulli a murɗe fiye da daƙiƙa 10. Ka saki, ka huta minti guda. Yawan murɗawa yana ƙarasa batir, yana kuma ƙona kik.

MATAKI NA FARKO: TAMBAYI FITILA

Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya tsaya yana kallonsu. Waɗansu motocin zamani su kan kashe fitilun gaba da kansu sa'ad da a ke ta da inji. In taka haka ta ke, ka kalli 'yar fitilar da ke rufin mota ta ciki. To, murɗa makulli. Ɗayan uku za ka gani.

In fitila ta yi ja-ja tun farko, ko ta mutu da ka murɗa, wuta ba ta isa. Ka bi mataki na biyu da na uku.

In fitila ta tsaya da haskenta, ko gezau, batir yana da wuta, amma ba ta shiga kik. Ka duba wayoyi tukuna, sa'an nan ka tafi mataki na huɗu.

In ka tabbata batir mai kyau ne, kawunansa da tsabta, amma ka ji ƙas mai nauyi, fitila ta dushe ƙwarai, wayoyi suka ɗau zafi, to, kik yana ƙoƙari, wani abu ya riƙe shi. Saki makulli nan da nan. Ka tafi mataki na biyar.

MATAKI NA BIYU: KAWUNAN BATIR DA WAYOYI

Nan ne a ka fi samun laifi, nan ne kuma gyara ya fi araha. Kama kowace ƙawanya ka gwada juya ta da hannu. In ta motsa, ta yi sako-sako ke nan. Dubi ko akwai farin gari ko kore bisa kai. Garin nan asid ne ya ci ƙarfe, wuta kuwa ba ta ratsa shi sosai. Akwai wata dabara kuma. Bayan an gwada makulli, ka taɓa kowace mahaɗa a hankali. Wadda ta yi ɗumi, ita ce ke tare wuta.

Ga yadda za ka gyara.

1. Kashe mota, ka zare makulli.
2. Kwance wayar − tukuna. Sufana lamba 10 ta kan yi a motoci da yawa. Dalilin fara wa da − shi ne, muddin tana ɗaure, jikin mota duk yana haɗe da batir. In kana kwance + sufana ta taɓa jikin mota, sai wuta ta tashi. In an riga an cire −, ba abin da zai faru.
3. Kwance wayar +.
4. Jiƙa kanwa kaɗan cikin ruwan zafi, ka zuba bisa kawunan da ƙawanyoyin. Za ka ga yana kumfa, watau kanwa tana kashe asid. Ka kula kada ruwan nan ya shiga cikin batir ta ramukan murfi, don zai kashe asid na ciki, wanda shi ne ke aiki.
5. Ɗauraye da ruwa, ka goge da tsumma ya bushe. Ka jefar da tsumman, ka wanke hannu.
6. Kankare kan batir da cikin ƙawanya da sanfefa ko bakin wuƙa, har ƙarfe ya yi ƙyalli.
7. Mayar da + tukuna, sa'an nan −. Ɗaure har hannu ya kasa juya su. Kada ka buga da guduma, kan batir yana tsagewa.
8. Shafa giris kaɗan a bisa, bayan ka ɗaure, don kada garin ya komo da wuri.

Ba ka gama ba tukuna. Bi wayar jiki da ido har inda a ka ɗaure ta a jikin mota da jikin inji. Wurin nan ya kan yi tsatsa, musamman bayan damina. Wata kuma silinta sun tsintsinke, saura kaɗan. Kwance, ka kankare, ka ɗaure. In kana da wayar jona batir, kana iya gwadawa haka: maƙala baki ɗaya a kan −, ɗayan a tsiraicin ƙarfen inji, ka murɗa makulli. In ta tashi, wayar jiki ce ta lalace, a sake ta. Haka kuma ka duba notin da ya ɗaure babbar waya a bayan solinoyid, amma sai ka cire wayar − tukuna, don wurin nan kullum da wuta.

MATAKI NA UKU: BATIR KANSA

In kawuna sun yi tsabta, har yanzu tana ƙas-ƙas-ƙas, batir ya yi sanyi. Mai cajin batir ko mai gyaran wayar mota yana da mita ta awo. Ka iya karanta lambobinta da kanka, don kada a gaya maka abin da ba shi ba. In mota tana kashe, cikakken batir yana nuna 12.6. In ya nuna 12.2, saura wajen rabi. In bai kai 12 ba, ya kusa ƙarewa. Sa'ad da a ke murɗa makulli kuma, bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10 ba. Wanda ya nuna 12.6 yana zaune, ya zube ƙasa warwas da an murɗa makulli, ya tsufa, caji ba zai yi masa magani ba.

In kuna daji, ba mita, akwai hanya biyu.

Ta farko, a jona da batirin wata mota. Lalle ƙarfinsu ya zama ɗaya, 12 da 12. Kada a jona ƙaramar mota da wutar babbar mota mai 24, za ta ƙone kayan wutarta. Kada jikin motocin ya taɓa juna. Ga jerin, ka haddace shi.

1. Jar waya a kan + na batir mai sanyi.
2. Ɗaya bakin jar a kan + na batir mai kyau.
3. Baƙar waya a kan − na batir mai kyau.
4. Ɗaya bakin baƙar a tsiraicin ƙarfen injin motar da ta ƙi tashi, nesa da batir. A nan tartsatsi ya kan fita, shi ya sa a ke nisanta shi.

A ta da mai lafiyar, a bar ta tana aiki minti 5, sa'an nan a gwada marar lafiyar. In ta tashi, a cire wayoyin daga na 4 zuwa na 1. Wanda ya juya + da − ya jawo wa mai mota asara babba, don motocin yanzu suna da kwamfuta a ciki, ba ta jure wannan. Batirin da ya tsage, ko ya kumbura, ko yana yoyo, ba a jona shi.

Ta biyu, a tura. Wannan sai mota mai kuloci, wadda a ke sa wa giya da hannu. Direba ya buɗe makulli, ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci. Jama'a su tura daga baya. In ta ɗau gudu, ya saki kuloci, da inji ya kama ya sake takawa. A kawar da yara daga hanya. Ka sani birki da sitiyari suna da tauri muddin inji bai tashi ba, don haka kada a tura ta gangara mai tsanani. Mota mai canza giya da kanta, wadda ke da haruffa P, R, N, D a wurin giya, ba ta tashi da turi. Ita sai jonawa. Ba ta kuma karɓar makulli sai giya tana P ko N.

In mota ta tashi, kada ka kashe ta sai ka isa inda za a duba. Sa'an nan ka tambayi kanka, me ya sa batir ya yi sanyi? Wataƙila an bar fitila a kunne ta kwana. Wataƙila an yini ana jin rediyo ana cajin wayoyin hannu, inji yana kashe. In ba haka ba, a duba altaneta, watau abin da ke mayar wa batir wuta sa'ad da inji ke aiki. Fambel ne ke juya ta. In ya yi sako-sako ko ya tsinke, ba caji. Akwai 'yar jar fitila mai hoton batir a gaban direba. In ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi, caji ba ya shiga. A mita, inji yana aiki, ya kamata a ga wajen 14. Wanda ya sayi sabon batir alhali altaneta ce ba ta da lafiya, kwana kaɗan zai sake tsayawa a hanya.

MATAKI NA HUƊU: KIK

Yanzu batir yana da wuta, wayoyi suna da tsabta, fitila ba ta dushewa, amma ƙas ɗaya ka ke ji. To, a nan ne za a tuhumi kik. Abu biyu su ka fi lalacewa a cikinsa. Ɗaya, tagullan nan na cikin solinoyid, waɗanda wuta ke ci a hankali har su daina haɗuwa sosai. Ɗayan, waɗansu 'yan guntayen gawayi da a ke kira burushi, masu kai wuta ga abin da ke juyawa. Su kan side da yawan aiki, kamar yadda bakin fartanya ke cinyewa.

Direbobi suna da dabara. Wani ya riƙe makulli a murɗe, wani ya ƙwanƙwasa jikin kik da sanda ko ƙotar guduma. Girgizar ta kan sa burushi ya taɓa, kik ya juya. Ka ƙwanƙwasa a hankali, kamar mai sallama a ƙofa. Kik na zamani da yawa suna da maganaɗisu a ciki, duka mai ƙarfi yana fasa shi. Ka tabbata mota ba ta cikin giya, kada kuma ka shiga ƙarƙashinta. In ta tashi da ƙwanƙwasa, ba ta warke ba, ta dai gaya maka inda ciwo ya ke. Ka kai ta wurin mai gyara ran nan.

A wurin mai gyara ma, kada ka yi saurin sayen sabo. Burushi da tagullan solinoyid ana sake su, kuɗinsu bai kai na kik ɗungum ba ko kusa. Ka ce a gwada kik ɗin da batir a gabanka, a buɗe a nuna maka abin da ya cinye.

Za ka ga waɗansu suna haɗa notunan solinoyid da sukudireba don mota ta tashi. Kada ka koyi wannan. Tartsatsi yana fita, in kuwa mota tana cikin giya, za ta zabura ta bi ta kan mai yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

MATAKI NA BIYAR: IN INJI NE YA CIJE

Wani lokaci haƙoran kik su kan maƙale cikin filawil, musamman a tsofaffin motoci. A wuri mai daidai, a kashe makulli, a sa babbar giya, a saki birkin hannu, a jijjiga motar gaba da baya. Sau da yawa za ka ji ta saki.

Amma akwai abu biyu masu tsanani. In mota ta mutu a tsakiyar rafi da damina, aka jawo ta waje, ta yi ƙas ta ƙi juyawa, mai yiwuwa inji ya sha ruwa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In a ka tilasta, ƙarafan cikin inji za su lanƙwashe. Kada a murɗa makulli, kada a tura. A kira makaniki ya kwance fulogi ya fid da ruwan. Na biyu, in mota ta yi zafi ƙwarai ta mutu tana cikin tafiya, ka zaro sandar awon baƙin mai. In ta fito a bushe, inji ya ƙone don rashin mai. Wannan ba gyaran bakin hanya ba ne.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Zafin bazara ne ke cin batir, sanyin hunturu ya tona asirinsa. Da asubar hunturu batir ƙarfinsa ya ragu, baƙin mai kuma ya yi kauri, inji ya yi nauyi. Shi ya sa motar masu tumatir ta zaɓi ran nan. Saboda haka kowane mako ka buɗe gaban mota ka duba kawunan batir, ka gwada su da hannu. Ka duba ko batir yana ɗaure a mazauninsa, don girgizar hanyar ƙauye tana lalata cikinsa. In batirinka mai murafu ne, ka leƙa. Lalle ruwa ya rufe farantan da ke ciki. In ya ragu, ka ƙara tataccen ruwa da a ke sayarwa don batir. Ban da ruwan rijiya, ban da asid. Wanda ba shi da murafu kuwa ba a buɗe shi. In mota za ta daɗe a ajiye, ka cire wayar −. Ka riƙa tafiya da sufana lamba 10, da sanfefa, da tocila, da wayoyin jonawa.

In ka ga mota mai tafiya da lantarki, ko mai haɗa lantarki da fetur, wayoyinta masu launin lemo suna ɗauke da wuta mai kisa. Kada ka taɓa su.

Tsohon batir kuma kada a bar shi a tsakar gida. Dalma ce a cikinsa, dalma kuwa guba ce, ta fi cutar yara. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Kada a fasa batir, kada a narka dalmarsa a gida, kada a zuba ruwan sha ko abincin kaji cikin kwandonsa. A mayar wa mai sayar da batir.

Ko ba ka da mota, karatun nan zai yi maka amfani. Ran da motar garinku ta yi ƙas, da kayanka a ciki ko da marar lafiya, sai ka ce a kunna fitila a gani, a duba kan batir, kafin a aiki yaro birni.

SABABBIN KALMOMI

batir, kik, solinoyid, filawil, burushi, altaneta, fambel, bolt, amfa

TAMBAYOYI

1. Mene ne ke yin ƙas sa'ad da a ka murɗa makulli?
2. Don me rediyo ke kamawa alhali inji ya ƙi juyawa?
3. Wace waya a ke fara kwancewa, + ko −? Faɗi dalili.
4. Me kanwa ke yi wa farin garin kan batir?
5. Mita ta nuna 12.2. Batir cike ya ke, ko rabi?
6. Rubuta jerin jona batir daga 1 zuwa 4.
7. Mota ta mutu cikin rafi. Me ba za a yi mata ba?